Yadda Kofin Afirka Ya Iso Ƙofar Mata: Tarihin Gasar 2000 da Ta Fi Kusantar Haɗeja

Ranar 23 ga Janairun 2000, ana tsakiyar hunturu, makonni biyu bayan Ƙaramar Sallah, ƙasar Masar ta fito fili ta kara da Zambiya a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a birnin Kano. Masar ce ke riƙe da Kofin Afirka a lokacin, ta kuma ci biyu da nema. Wannan ita ce rana ta farko da aka buga wasan babbar gasar cin Kofin Nahiyar Afirka a Arewacin Nijeriya. Ga mutumin Haɗeja, ko Auyo, ko Malam Madori, ko Kirikasamma, gasar da ya saba ji a rediyo daga wata uwa duniya ta zo inda motar haya za ta kai shi ta hanyar Gujungu cikin 'yan sa'o'i. Ba ta taɓa matsowa kusa da ƙasar Haɗeja haka ba, kuma har yau ba ta sake ba. Shekara arba'in da uku aka yi kafin ta iso, kuma hanyar da ta biyo akwai darasi a cikinta.

Daga Khartoum zuwa Legas

A watan Fabrairun 1957 aka kafa Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka, CAF, a birnin Khartoum. Ƙasashe huɗu ne suka kafa ta: Masar, Sudan, Habasha da Afirka ta Kudu. A watan nan aka buga gasar farko, amma ƙasashe uku kaɗai suka fito, domin an cire Afirka ta Kudu saboda ta ƙi kawo tawagar da ta haɗa baƙar fata da farar fata. Masar ta doke Habasha da ci 4 da nema a wasan ƙarshe. Tun daga tushe ke nan siyasa da ƙwallo suke tafiya tare a wannan gasa.

Nijeriya ta fara shiga a 1963 a Ghana, ta kuma sha kashi: Masar ta ci ta 6 da 3, Sudan ta ci ta 4 da nema. Sai a 1976 a Habasha da 1978 a Ghana ta zo ta uku. A watan Maris na 1980 ta karɓi baƙuncin gasar a karon farko, ƙasashe takwas, a garuruwa biyu kacal, Legas da Ibadan. Ranar 22 ga Maris, 'yan Green Eagles na Nijeriya suka lallasa Aljeriya da ci 3 da nema, Segun Odegbami ya ci biyu, Muda Lawal ya ci ɗaya, Shugaba Shehu Shagari kuma ya miƙa wa kyaftin Christian Chukwu kofi. Sabon kofi ne, mai suna Kofin Haɗin Kan Afirka, saboda Ghana ta mallaki na farko a 1978 bayan ta ci shi sau uku.

A wancan lokaci Haɗeja tana cikin Jihar Kano, kuma tsakaninta da Legas ya haura kilomita dubu. Talabijin sai gidan wane da wane. Rediyo ce ta kai labarin nasarar fadamu da rumfunan kasuwa. Ba rashin ƙwallo ne ya hana Arewa samun wasa ko ɗaya ba, domin Raccah Rovers ta Kano ta lashe gasar ƙungiyoyin ƙasa a 1978. Manyan filayen da aka tanada domin irin wannan hidima a Kudu suke.

Shekarun rashi

Bayan 1980 Nijeriya ta kai wasan ƙarshe sau uku tana faɗuwa: Kamaru ta doke ta 3 da 1 a Abidjan a 1984, ta sake doke ta 1 da nema a Kasabalanka a 1988, Aljeriya kuma ta rama da ci ɗaya a 1990. A 1994 a Tunisiya aka dace. Emmanuel Amuneke ya ci biyu a ragar Zambiya, Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, ya fi kowa cin ƙwallo da guda 5.

Daga nan siyasa ta shigo. Ranar 10 ga Nuwamban 1995 gwamnatin Janar Sani Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a Fatakwal. Nelson Mandela ya yi tir da abin, dangantaka ta yi tsami, sai gwamnati ta hana tawagar ƙasar, Super Eagles, zuwa Afirka ta Kudu kare kofinsu a Janairun 1996, tana cewa ba ta amince da tsaron lafiyar 'yan wasa ba. CAF ta hukunta Nijeriya, aka buga ta 1998 a Burkina Faso babu ita. Tawagar da ta ci zinare a wasannin Olamfik na Atlanta a 1996, su Kanu da Okocha da Amokachi, ta rasa gasar Afirka biyu a lokacin da take ganiyarta.

A gefe guda kuma akwai wata doguwar gwagwarmaya da hukumar FIFA. An ba Nijeriya gasar duniya ta matasa 'yan ƙasa da shekara 20 ta 1991, aka karɓe aka ba Fotugal saboda badaƙalar shekarun haihuwar 'yan wasa. An sake ba ta ta 1995, aka sake karɓewa bisa dalilin kiwon lafiya, aka kai Qatar. Sai a karo na uku abin ya tabbata. Daga 3 zuwa 24 ga Afrilun 1999, zamanin Janar Abdulsalami Abubakar, ƙasashe 24 suka yi wasa a garuruwa takwas: Legas, Ibadan, Inugu, Fatakwal, Kalaba, Kaduna, Bauchi da Kano. Uku daga cikin takwas ɗin a Arewa suke, abin da ba a taɓa gani ba.

Domin wannan gasa aka shirya filin Ƙofar Mata har ya kai matsayin da FIFA ke buƙata. Matasan Ingila, Amurka, Japan da Kamaru suka taka leda a cikinsa. A nan matasan Nijeriya, Flying Eagles, suka yi kunnen doki 1 da 1 da Ireland a zagayen 'yan goma sha shida, suka fitar da ita a bugun fenariti, kafin Mali ta kore su da ci 3 da 1 a Inugu. Sifaniya ta su Xavi da Casillas ta ɗauki kofin bayan ta ci Japan 4 da nema, Seydou Keita na Mali ya zama gwarzon gasa. Nijeriya ba ta samu kofi ba, amma ta tashi da filaye a shirye.

Faɗuwar wani tashin wani

Asali Zimbabwe aka ba gasar Afirka ta 2000. A farkon 1999 CAF, ƙarƙashin Issa Hayatou, ɗan gidan sarautar Garwa ta Kamaru, ta karɓe ta saboda shirye-shiryen ƙasar ba su gamsar ba. Saura ƙasa da shekara guda, ga ƙasashe 16 da za a sauke. Sai aka raba nauyin tsakanin Ghana da Nijeriya, karo na farko da ƙasashe biyu suka haɗu suka ɗauki gasar. Ghana ta ba da Accra da Kumasi. Nijeriya ta ba da Legas, kuma da aka zo zaɓen gari na biyu sai aka ɗauki Kano. Filin na nan sabo, ga filin jirgin saman Malam Aminu Kano, ga masaukai. Aikin da aka yi domin gasar matasa shi ya jawo ta manya.

An buɗe gasar ranar 22 ga Janairu, ita ce karo na 22. Lokacin mulkin farar hula bai cika wata takwas da dawowa ba: Olusegun Obasanjo a Abuja, Rabi'u Musa Kwankwaso a Kano, Ibrahim Saminu Turaki a Dutse. Jihar Jigawa kanta, da aka yanka daga Kano ranar 27 ga Agustan 1991, ba ta kai shekara tara ba, don haka mutanen Haɗeja ba su ɗauki filin Ƙofar Mata a matsayin na baƙi ba. Kano ce kasuwar da suke kai kifi da tattasai da shinkafa, ita ce garin da 'ya'yansu da yawa suka yi karatu.

Abin da aka gani a Kano

Rukuni na uku aka kawo Kano: Masar, Senegal, Zambiya da Burkina Faso. Masar ta cinye wasanninta uku. Bayan wasanta da Zambiya, ta doke Senegal 1 da nema, sannan ta yi wasan da ya fi tsayawa a rai da Burkina Faso, inda aka fara zura mata biyu, ta farfaɗo ta ci huɗu. Hossam Hassan, wanda ya zama kocin Masar a 2024, ya ci ƙwallo a kowane ɗaya daga cikin ukun. Senegal ta su Henri Camara da Khalilou Fadiga ta doke Burkina Faso 3 da 1, ta bi Masar zuwa zagaye na gaba. Kalusha Bwalya na Zambiya, gwarzon Afirka na 1988, a wannan gasa ya yi bankwana da Kofin Afirka a matsayin ɗan wasa. Ranar 7 ga Fabrairu aka buga wasan dab da na kusa da na ƙarshe a Ƙofar Mata, Tunisiya ta fitar da mai riƙe da kofi da ci ɗaya mai ban haushi.

Wanda ya kalli wasannin nan ya ga gaban ƙwallon Afirka tun kafin ya bayyana. Senegal ta kai wasan ƙarshe a Mali a 2002, a shekarar kuma ta doke Faransa a wasan buɗe gasar cin Kofin Duniya. Tunisiya ta ci kofin a 2004. Masar ta ci sau uku a jere, 2006, 2008 da 2010. Zambiya ta ci a 2012, Burkina Faso ta kai wasan ƙarshe a 2013.

Super Eagles kuwa a Legas suka yi duk wasanninsu, ƙarƙashin koci Jo Bonfrere. A ƙasar Haɗeja lokacin noman rani ne, ana ban ruwan alkama da tumatir, gidajen kallon ƙwallo ba su yawaita kamar yau ba, don haka rediyo da talabijin ta NTA aka dogara da su. Nijeriya ta ci Tunisiya 4 da 2, ta yi canjaras da Kwango, ta ci Maroko 2 da nema. Senegal ta kusa fitar da ita, Fadiga ya fara ci, sai matashi Julius Aghahowa ya farke dab da tashi, ya ƙara ta biyu a ƙarin lokaci. A wasan kusa da na ƙarshe Tijjani Babangida, ɗan Kaduna, ya zura biyu a ragar Afirka ta Kudu, ƙasar da rikici da ita ya hana Nijeriya zuwa gasar 1996. Tare da shi a tawagar akwai Garba Lawal, shi ma ɗan Kaduna. Yaran Arewa masu buga ƙwallo ba takalmi sun ga masu irin sunayensu a cikin rigar ƙasa.

Ranar 13 ga Fabrairu, a wasan ƙarshe a filin Surulere da ke Legas, Samuel Eto'o mai shekara 18 da Patrick Mboma suka ci wa Kamaru biyu. Raphael Chukwu ya rage ɗaya kafin hutun rabin lokaci, Jay-Jay Okocha ya farke da wani bugu daga nesa da aka dawo. Aka je fenariti. Gola ya tare na Kanu. Na Victor Ikpeba ya daki sandar sama ya faɗo, hoton talabijin ya nuna ƙwallon ta haye layi, amma alƙalin wasa Mourad Daami na Tunisiya bai ba da ci ba. Rigobert Song ya buga na ƙarshe, Kamaru ta yi nasara 4 da 3. Cinta na uku ke nan, duka ukun a kan Nijeriya, don haka ta tafi da Kofin Haɗin Kan Afirka dungurungum, kofin da Nijeriya ta fara ɗagawa a wannan fili shekara ashirin da suka wuce.

Bayan nan

Kano, Kaduna da Bauchi sun sake karɓar gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009, wadda Switzerland ta doke Nijeriya 1 da nema a wasan ƙarshe a Abuja. Nijeriya ta ci kofinta na uku a 2013 a Afirka ta Kudu ƙarƙashin Stephen Keshi, da Ahmed Musa, tsohon ɗan wasan Kano Pillars, a cikin tawaga. Amma babbar gasar ba ta sake dawowa Nijeriya ba tun 2000. Daga 2019 ƙasashe 24 ke bugawa, sharuɗɗan CAF kan ciyawa, fitilu, kujeru da tsaro sun ƙaru, har ta kai wasannin gida na Super Eagles mafi yawa a Uyo ake yin su.

Tarihin nan ya nuna abu ɗaya a fili: a 1980 Arewa ba ta samu wasa ba, a 2000 ta samu saboda dama ta zo ta tarar da fili a shirye. Ba a fafe gora ranar tafiya. Haɗeja na da filin wasanta, inda Jigawa Golden Stars ta karɓi baƙi a gasar ƙungiyoyin ƙasa, tana kuma da matasa a kowace unguwa da ke cika gidajen kallo domin ƙungiyoyin Ingila da Sifaniya. Kira ga gwamnatocin Jigawa da Kano, da ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗeja, da attajiranmu, shi ne a kula da filayen da ake da su, a hana cinye filayen makarantu da gine-gine, a raya gasar firamare da sakandare da ta unguwanni, a horar da masu koyarwa da alƙalan wasa. Idan aka yi haka, ranar da Kofin Afirka zai dawo Nijeriya za a tarar da fili a Arewa, a kuma tarar da ɗan Haɗeja a cikin masu bugawa.