Tarihin Dodon Koɗi a Wajen Likitoci

Jama'ar Birnin Kebbi da Argungu, ku saurara. Kun san dodon koɗi, wanda ke fitowa da damina yana jan yauƙi a kan ganye. To, yauƙin nan yana da tarihi.

Tun zamanin da, mutane sun lura dabbar nan tana bin ƙaya da tsakuwa da jiki taushi, amma ba ta ruɓewa. Wani masani na Rum, Filini, wanda ya mutu a shekara ta 79, ya rubuta ta cikin magungunan ƙuna da miki. Amma ba wanda ya san dalili.

Sai a 1982 masu bincike a Japan suka gwada yauƙin wani babban dodon koɗi, ɗan asalin Afirka ta Gabas, suka ga yana hana ƙwayoyin cuta hayayyafa. Daga baya suka ware abin da ke wannan aiki, suka sa masa suna akasin. Shi kuwa yana haifar da irin ruwan nan mai kumfa da malamin asibiti ke wanke miki da shi. Ashe mutanen da ba su yi ƙarya ba.

Amma kada wani ya ji wannan ya ce ya sami maganin gyambo a bayan ɗaki. Ku tuna da fenisilin. A 1928 Likita Fleming ya gano shi cikin funfuna a London, amma sai a 1941 aka yi wa marar lafiya allurarsa, bayan an sha wahalar tace shi. Akwai mai shafa tuwo mai funfuna a miki? Haka yauƙin nan. A cikin kwalbar gwaji aka ga ƙarfinsa, shi kuwa dodon koɗi a ƙasa yake jan ciki, ta kan kashin awaki da juji. Wanda ya ɗora shi a miki, ƙazanta ya ɗora.

Ku kuwa mutanen Gulbin Rima, ɗan'uwansa na cikin ruwa ya fi shafarku. A 1851 Likita Bilharz ya ga tsutsar tsargiya a Alƙahira. A 1915 Likita Leiper ya nuna cewa cikin ƙananan dodon koɗi na ruwa take girma, sa'an nan ta fito ta huda fatar mutum. Watau masunci a Matan Fada, da mai noman shinkafa a fadama, da yaro mai iyo a tafki, duk tana iya kama su. Fitsarin jini ba alamar balaga ba ne, cuta ce, in ta daɗe tana lalata mafitsara.

In ƙugiya ko ƙayar kifi ta yanke ka, wanke da sabulu da tafasasshen ruwa da ya huce, ka ɗaure da ƙyalle mai tsabta, ka zo ɗakin magani ran nan. In ɗanka yana fitsarin jini, kawo shi. Akwai ƙwayar magani, za a auna tsawonsa ko nauyinsa a ba shi daidai gwargwado. A kuma hana yara fitsari cikin ruwa, gama ta nan ƙwan tsutsar ke komawa ga dodon koɗi.