Kirci da Maiƙo: Tarihin Wata Jinya

Kirci, wanda likitoci ke kira ekzima, ba shi ne kyasbi ba, ko da yake bakin jama'a ya saba gwama su. Kyasbi ƙwayar cuta ke haddasa shi. Kirci kuwa ba a ɗaukarsa daga jikin wani. Fata ce ke bushewa ta tsattsage, ta kama ƙaiƙayin da ke hana yaro da uwarsa runtsawa. Sunan ekzima daga Girkanci ya samo asali, ma'anarsa tafasa, kuma likita Aetius na Amida ya rubuta shi tun ƙarni na 6.

Maganinsa na farko maiƙo ne. Ana jingina wa Jalinusu, likitan daular Rum a ƙarni na 2, wani haɗi na kakin zuma da man zaitun da ruwa don sanyaya fata. A Afirka ta Yamma man kaɗanya ne ya tsare wannan gurbi, musamman da hunturu. A 1872 Robert Chesebrough ya yi wa basilin rajista a Amurka, bayan ya tace shi daga ɗanyen man fetur. A ƙarshen ƙarnin, likitocin Turai sun dogara da kwaltar kwal da kuma kwaɓin sinadarin zink na Oskar Lassar, likitan Jamus. Waɗannan sun yi aiki, amma a hankali, ga kwaltar da wari da ɓata tufafi.

A 1952 aka shiga sabon babi. Marion Sulzberger da Victor Witten suka shafa wa majinyata haidirokotizon a New York, kumburin da kan ɗauki makonni ya lafa cikin kwanaki. Daga nan aka yi ta ƙirƙiro sitiroyid masu ƙarfi, maiƙo ya koma ɗan rakiya. Sai dai zuma da zaƙi da harbi. Yawan shafa masu ƙarfin ba bisa ƙa'ida ba yana sirantar da fata, ya bar nankarwa, kuma ciwon kan dawo da zafinsa idan aka daina kwatsam. A kasuwannin Najeriya ma har an mai da irinsu man bilicin. Tsoro ya shiga zukatan iyaye, masana suka shiga neman wata hanya.

Amsa ɗaya daga turɓaya ta fito. A 1984 aka gano takrolimus a jikin wata ƙwayar halitta da ke cikin ƙasar yankin Tsukuba a Japan. An amince da man shafawarsa a Japan a 1999, a Amurka a 2000. Yana kwantar da kumburi ba tare da sirantar da fata ba, ko da yake yakan yi raɗaɗi a kwanakin farko. A 2017 allurar dupilumab ta zo wa masu kirci mai tsanani, amma tsadarta ta fi ƙarfin talaka.

Binciken da ya fi sauya fahimta shi ne na 2006. Ayarin Irwin McLean a Jami'ar Dundee ya nuna cewa da yawa daga masu kirci sun gaji tawaya a filagirin, sinadarin da ke ɗaure saman fata. Fatarsu kamar katangar ƙasa ce da yaɓenta ya zaizaye: laima na ficewa, ƙura da sabulu na kutsawa. A nan aka gane dalilin da ya sa maiƙon kakanni ya yi amfani, domin yaɓe yake yi.

Amma kimiyya ba ta wanke kowane tsohon magani ba. A 2013 masu bincike a Sheffield ta Ingila suka gano cewa man zaitun, wanda ke cikin haɗin Jalinusu, yana raunana katangar fata, alhali man furen sanfulawa bai yi haka ba. Daɗewar magani a hannun mutane ba ita ce shaidar ingancinsa ba.

Shi ya sa jinyar kirci a yau ta tsaya a kan abubuwan da ke cikin ɗaki: gajeren wanka da ruwa mai ɗumi, rage sabulu mai kaifi, shafa basilin ko man kaɗanya tun jiki bai gama bushewa ba, tufafin auduga, da yanke farce. Sitiroyid bai bar fage ba, amma an mai da shi gurbinsa: lokacin da ciwo ya taso, gwargwadon yadda likita ya auna.