Daga Illela zuwa teku: yadda ake shiga aikin jirgin ruwa, da inda hanyar take toshewa

A watan Oktoban 2024 aka ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry a Illela, hanya mai tsawon kilomita 1,068 wadda za ta haɗa wannan gari na kan iyaka da bakin teku. Dama can Illela ba baƙuwar teku ba ce ta fuskar ciniki, domin kaya masu yawa da ke ratsawa tsakaninta da Birnin Ƙonni a jirgin ruwa suka fara tafiyarsu. Abin da bai cika isowa garin ba shi ne bayanin yadda matashi zai zama ma'aikaci a cikin jirgin, alhali rufe iyakar da aka yi a 2019 da kuma 2023 ya nuna wa matasan yankin haɗarin dogaro da sana'a guda.

Ƙofa biyu ce ake shiga ta cikinta. Ta farko ta ƙananan ma'aikata ce: masu ɗaure igiya da fenti da gadi, masu taimakon ɗakin inji, da masu dafa abinci. Mai neman wannan yana buƙatar fasfo, da shaidar lafiya daga likitan da hukumar NIMASA ta amince da shi, da littafin ma'aikacin jirgi wanda ake rubuta kowace tafiya a ciki, sai gajeren horo na tilas da yarjejeniyar STCW ta 1978 ta shimfiɗa: tsira da rai a cikin ruwa, kashe gobara, agajin farko, da kiyaye kai da abokan aiki.

Ta biyu ta jami'ai ce, wato masu tuƙi da injiniyoyi. Tsohuwar makarantar wannan fanni tana Oron a Jihar Akwa Ibom, kuma ta hanyar JAMB ake shigarta, da sakamako mai kyau a Turanci da Lissafi da Fiziks. Akwai kuma Jami'ar Harkokin Teku ta Okerenkoko a Jihar Delta, wadda ta fara karatu a 2018. Wani abu da ya kamata a duba tun ba a kashe ko kwabo ba shi ne ido: wanda ba ya bambance ja da kore ba ya samun lasisin tuƙi, domin da launin fitila ake gane inda wani jirgi ya dosa cikin dare.

Sai dai difloma ba lasisi ba ce, kuma a nan gizo ke saƙar. Kafin ɗalibi ya zauna jarrabawar ƙwarewa ta jami'in tuƙi, wajibi ne ya yi aƙalla watanni 12 yana horo a cikin jirgi a kan teku. Najeriya kuwa ba ta da isassun jiragen da za su ɗauke shi. Kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, NNSL, wanda aka kafa a 1959 kuma ya horar da jami'an farko, an rushe shi a 1995. Dokar sufurin gaɓar teku ta 2003 ta ce jiragen da ke aiki a ruwan Najeriya su zama na 'yan ƙasa, ma'aikatansu ma 'yan ƙasa, amma ita dokar ta bar ƙofar yin rangwame ga jiragen waje, kuma rangwamen ya zama kamar shi ne ƙa'idar. Kuɗin da aka riƙa tarawa a ƙarƙashin dokar domin masu jirage na gida su sayi sababbi ya shafe kimanin shekara ashirin ba a raba shi ba.

Shirin NSDP da NIMASA ta fara a 2008 ya tura ɗalibai karatu Indiya da Masar da Filifin da Romaniya da Ingila, kuma a tashin farko gwamnatocin jihohi ne ke biyan kaso mafi yawa. Da dama sun dawo da takardar makaranta suka zauna shekaru suna jiran gurbi a jirgi. Saboda haka matashin Illela na da hurumin tambayar gwamnatin jiharsa da wakilansa a majalisa mutum nawa aka tura, nawa kuma suka kai ga lasisi.

Wannan jira shi ne kasuwar 'yan damfara. Yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006, wadda Najeriya ta amince da ita a 2013, ta haramta wa dillalin ɗaukar aiki karɓar kuɗi daga ma'aikaci don ya sama masa gurbi. Kuɗin fasfo da na gwajin lafiya da na littafin aiki kaɗai ke wuyansa, biza kuwa mai jirgi ke biya. Ta kuma wajabta rubutacciyar kwantiragi da ma'aikaci zai karanta kafin ya sa hannu, ta ba shi haƙƙin a mayar da shi gida kyauta kafin ya cika watanni 12 a jirgi. Duk wanda ya nemi a tura masa kuɗin "gurbi" ta waya, daga Legas ko Fatakwal, ya saɓa wa wannan yarjejeniya, kuma NIMASA ce hukumar da ke yi wa halastattun dillalai rajista.