Amanawa da Tarihin Jinyar Kutare a Tsohon Lardin Sakkwato

Duk wanda ya tashi a Kurya Madaro, ko Ƙauran Namoda, ko Shinkafi da Zurmi a zamanin mulkin Turawa, ɗan Lardin Sakkwato ne, domin sai a 1996 aka yanke Zamfara ta zama jiha. Saboda haka idan mutum ya wayi gari ya ga wani tabo mai haske a damtsensa, ya tsikare shi da ƙaya bai ji zafi ba, babban wurin jinyar da lardinsa ya tanada wa masu irin ciwonsa shi ne Amanawa, a kan hanyar Sakkwato zuwa Gusau, cikin ƙasar Dange Shuni ta yau. Masu riƙe da wurin a wancan lokaci kuwa Kiristoci ne 'yan mishan. Ina ganin idan ana neman inda koyarwar Kirista ta ƙauna marar sharaɗi ta sauko daga bakin mai wa'azi ta shiga aikin yau da kullum a ƙasar Hausa, to a irin wannan wuri ya kamata a duba, kuma a duba shi da gaskiya, har da abin da ke cikinsa na zargi.

Hanyar da ta kai 'yan mishan Amanawa doguwa ce. Mutum uku ne suka fara ƙungiyar mishan ta SIM a 1893, wato Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, biyu daga cikinsu kuma ciwo ya kashe su a 1894 tun ba su kai ga komai ba. Da Lugga ya ci Sakkwato a 1903 ya yi alkawarin ba za a taɓa addinin mutane ba, wannan ya sa aka shafe shekaru sama da talatin ƙofar masarautun Musulmi tana kusan rufe ga masu bishara. Jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, ya kawo akawuna da ma'aikatan reluwe daga Kudu, da yawansu Kiristoci, amma ibadarsu ta tsaya a tsakaninsu. Abin da ya buɗe ƙofar shi ne kuturta. Hukumomin En'e suna da sansanonin kutare, ba su da isassun likitoci da masu jinya. Daga wajen 1937 aka miƙa wa SIM ragamar manyan sansanoni uku, Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato, da yardar sarakunan lokacin. Wani ɗan mishan mai suna Albert Helser shi ne ya jagoranci wannan fanni.

Sai an san yadda ciwon yake sannan a gane nauyin aikin. Ƙwayar cutar, wadda likitan ƙasar Nowe mai suna Hansen ya gano a 1873, jijiyoyin ji take kashewa. Mace ta sauke tukunya daga murhu hannunta ya ƙone ba ta sani ba. Manomi ya taka ƙaya ya yini yana tafiya a kanta. Ƙaramin rauni ya zama miki, miki ya zama gyambo, gyambo ya ci har ƙashi, daga nan yatsu su fara gajarcewa su koma dungu. A wancan lokaci maganin da ake da shi man wata itaciya ce ta ƙasar Indiya, calmugra, wanda ake yi wa mutum allurarsa a fata, ga zafi ga jinkirin aiki, wani ma ya yi shekaru ana yi masa babu sauƙin kirki. Don haka mafi yawan aikin wanke gyambo ne. Kowace safiya a kwance ƙyallen jiya da ya manne da ruwan miki, a jiƙa ƙafa, a kankare mataccen nama, a ɗaure da sabo, gobe a sake. Wari yana nan, ƙuda yana nan. Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, wato a hankalin jama'a taɓa kan kuturu abu ne da sai an biya ka, ko wajibi ya kama ka. Masu jinyar nan sun karanta a Linjilar Markus cewa Yesu Almasihu ya miƙa hannu ya taɓa kuturu kafin ya warkar da shi, suka ɗauki taɓawar a matsayin umarni.

Ga zargi na farko, kuma mai nauyi ne. Za a ce ai sun ci ladan. Ladansu shi ne samun masu sauraron wa'azi a ƙasar da aka hana su shiga, don haka jinyar tarko ce, ƙaunar da ke da buri a bayanta kuwa ba za a kira ta marar sharaɗi ba. Babu amfanin musun rabin wannan magana. SIM ba ta taɓa ɓoye cewa bishara ce ta kawo ta ba, kuma masaniyar tarihi Shobana Shankar, a littafinta na 2014 kan asalin Kiristanci a Arewacin Nijeriya, ta nuna yadda waɗannan sansanoni suka zama tushen wasu daga cikin Kiristocin Hausawa na farko. Amma abin da ke raba fata da sharaɗi a bayyane yake. Uwa tana fatan ɗanta ya zama malami, ba ta hana shi nono don ya ƙi. Sharaɗi shi ne a ce in ba ka karɓa ba, ba magani. Abin da tarihi ya nuna shi ne mafi yawan waɗanda suka ratsa ta Amanawa da Yadakunya da Babbar Ruga sun shiga suna Musulmi sun fita suna Musulmi, aka kuma ci gaba da ɗaure musu ƙafa shekara da shekaru. Da lissafin tuba kaɗai ake yi, da an rufe wuraren tun da wuri, don ribar ba ta kai wahalar ba. A Linjilar Luka akwai labarin kutare goma da aka warkar, ɗaya kaɗai ya dawo ya yi godiya, kuma ba a mayar wa taran ciwonsu ba. Wannan labari shi ne ma'aunin da ya kamata a auna aikin da shi, kuma a ganina a mafi yawan ranaku aikin ya cika ma'aunin.

Inda bai cika ba shi ne sha'anin yara. Don gudun kamuwa, akan raba jarirai da iyayensu masu ciwo a rene su a gidan reno na mishan, wasu kuma suka taso da addinin masu renonsu. Uwar da ke kwance da ciwo, nesa da danginta na Zurmi ko Shinkafi, cikin hannun masu ba ta magani da abinci, ba ta da bakin cewa a'a yadda mai lafiya zai faɗa. A nan iko ya shiga cikin ƙauna ya gurɓata ta, kuma wannan ya isa ya jawo ƙorafi daga iyaye da sarakuna. Kirista mai gaskiya bai kamata ya kare wannan ba, domin koyarwarsa da kanta ta hana a yi amfani da raunin mutum a cim ma buri, ko da burin mai kyau ne a idon mai shi.

Zargi na biyu ya fi taɓa mutunci. Za a ce irin wannan labari yana nuna kamar Hausawa sun yasar da kutarensu har sai da Bature ya zo. Ba haka ba ne. Garuruwa suna da sarkin kutare, kamar yadda suke da sarkin makafi, mai tsara bara da sasanta rigima da wakiltar mutanensa a fada. Sadaka da zakka sun ciyar da su ƙarnuka kafin a san mishan. Kuɗin da aka gudanar da sansanonin ma, wani kaso daga baitulmalin En'e ya fito, wato daga harajin talakawa Musulmi, ciki har da manoman gyaɗa da auduga na ƙasar Ƙaura. Abin da 'yan mishan suka ƙara shi ne kusantar jiki, a zauna gaban mutum a ɗora ƙafarsa a cinya. Wannan ma ba Turawa kaɗai suka yi ba, don ba su da yawa. Mafi yawan hannuwan da suka yi wanki da ɗauri da allura na 'yan ƙasa ne, da yawansu majinyata ne da suka sami sauƙi aka koya musu aikin, wasu sun zama Kirista, wasu suna sallarsu. Littattafan tarihi sun riƙe sunayen shugabannin mishan, su kuwa waɗannan kusan babu wanda ya rubuta nasu, alhali su ne suka fi daɗewa a durƙushe gaban gyambo.

Daga ƙarshen shekarun 1940 maganin dafson ya sauya komai. Ƙwaya ce mai araha da ake haɗiya, don haka aka fara raba ta a ƙananan shagunan magani na ƙauyuka, mutum ya karɓa ya koma gidansa, buƙatar tara mutane a sansani ta ragu. SIM ta miƙa ikkilisiyoyinta ga cocin ECWA da aka kafa a 1954, ta buɗe wata cibiyar kutare a Danja kusa da Maraɗi, a shekarun 1970 kuma gwamnatoci suka karɓe asibitocin mishan da yawa a Arewa. A farkon shekarun 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna biyu ko uku, waɗanda ke kashe cutar cikin wata shida zuwa shekara guda, kuma tun 1995 kyauta ake ba da su.

Sai dai magani yana kashe ƙwayar cuta ne, ba ya dawo da jijiyar da ta mutu. Wanda ya warke da ƙafar da ba ta ji, har ƙarshen ransa yana buƙatar a jiƙa masa ita a ruwa kullum, a goge kanta, a shafa mai, a duba tafin ko wani abu ya shige, a samo masa takalmi mai laushin ciki. Idan idonsa ya raunana ko yatsunsa sun tafi, ba zai iya yi da kansa ba. A yankin Shinkafi da Zurmi da Ƙauran Namoda, inda 'yan bindiga suka sa zuwa asibiti ya zama kasada, aikin da ake yi a Amanawa ya dawo tsakar gida, hannun mata da 'ya'ya da maƙwabta, Musulmi ne ko 'yan tsirarun Kiristocin da ke zaune a cikinsu. Ana buƙatar a koya musu yadda ake yin sa, a kuma gaya musu cewa wanda ya fara shan magani ya daina yaɗa cutar, ana iya cin abinci da shi a kwano ɗaya.