Dokar kare itatuwa a Jihar Legas

A Jihar Legas ba a sare bishiya ko a rage mata rassa sai da izinin hukuma, ko da kuwa a ƙofar gidan mutum take. Hukumar kula da lambuna da wuraren shaƙatawa ta jihar, wadda aka fi sani da LASPARK, ita ke ba da wannan izini, bisa dokar da ta kafa ta a shekarar 2011, zamanin Gwamna Babatunde Fashola. Wanda ya saɓa na iya fuskantar tara ko ɗauri, kuma hukumar kan buƙaci a dasa biyar a madadin kowace bishiya da aka sare. Jihar kan gudanar da ranar dashen itatuwa a 14 ga Yuli.

Dokar ta shafi unguwanni irin su Agege, inda gonakin goro da na koko suka bunƙasa a farkon ƙarni na 20, har fataucin goron ya jawo Hausawa suka kafa zango. Yau gidaje da shaguna sun cinye gonakin. Mai son faɗaɗa rumfa, idan bishiya ta tare masa wuri, wajibi ne ya fara neman izini kafin ya ɗauki gatari.