Tarihin sassaƙar jirgin ruwa a gulaben Gobir da kewaye

Sassaƙar jirgin ruwa sana'a ce ta ƙera abin fito da na su daga gungumen itace ko daga katako. A ƙasar Gobir ta gabas, wato yankin Isa, Bafarawa da Sabon Birni, ba ta taɓa zama babbar sana'a kamar noma ko ƙira ba, amma babu daminar da ake ƙarewa ba a nemi mai ita ba. Littattafan tarihin yankin sun cika da sarakuna da yaƙe-yaƙe, daga faɗuwar Alƙalawa a 1808 zuwa Gawakuke a 1836, sun tsallake wanda ya haye da mayaƙan gulbi. Shi ya sa aka tattaro wannan bayani daga maƙwabta, Kabi da Yawuri da Barno, inda labarin ya fi samun shiga takarda.

Ruwan da jirgin ke bi

Gulbin Rima haɗuwar ruwaye ne: Bunsuru da Gagare daga kudu, da Gulbin Maraɗi wanda ke fitowa daga ƙasar Katsina, ya shiga Nijar, ya ratsa Maraɗi da Tsibiri, sannan ya dawo Najeriya. Dukkansu na damina ne. Daga Yuli zuwa Satumba suna cika su malale fadama, da rani kuma su koma rairayi da 'yan gurabe, har a tsallake da ƙafa. Jirgin irin wannan ruwa aikinsa fito ne, daga wannan gaɓa zuwa waccan, da buhunan gero da awaki da 'yan kasuwa. Ruwan ba zurfi sosai a mafi yawan wurare, don haka doguwar gora ta isa a tunkuɗa shi. Ga shi siriri, cikinsa a kewaye, ba shi da wani nauyi a ƙasa da zai riƙe shi. In aka kafa masa sanda da ƙyallen kama iska, guguwar farko ta gaban hadari za ta kifar da shi. Wannan ne dalilin da jirgi mai tafiya da iska bai yi saiwa a Gobir ba, ba rashin dabara ba.

Zamanin da

Mafi tsufan jirgin da aka samu a Afirka a arewacin Najeriya aka tono shi. A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙar rijiya kusa da Dufuna, ƙaramar hukumar Fune a jihar Yobe ta yau, ya ci karo da itace a zurfin kamar mita 5. Masana daga jami'o'in Maiduguri da Frankfurt suka fito da shi a 1994. Tsawonsa ya ɗan haura mita 8, an sassaƙe shi daga gungume guda na dangin maɗaci. Wasu rubuce-rubuce na cewa shekara 8,500, wasu 6,000, wataƙila saboda sun rikita shekarun kafin haihuwar Annabi Isa da na ƙidaya daga yau. Abin dogaro shi ne tsakanin shekara 8,000 da 8,500, bisa awon da aka yi wa itacen sau biyu.

A kan Rima kuwa, Kabi ce uwar harkar ruwa. Sarkawa, masuntan da ake danganta asalinsu da Sorko na Songhai, su ne suka riƙe su da jirgi. Ruwayar baka ta ce Kanta, wanda ya gina Surame a ƙarni na 16, yana da jirgi lulluɓe da tagulla mai matuƙa hamsin. Adadin na iya zama na kirari, amma ya nuna a lokacin jirgi alamar mulki ne. Ƙaramin masunci shi ko gora ce jirginsa: ya kwanta a kanta, homa a hannu, kamar yadda ake gani a Matan Fada a bikin Argungu da aka faro a 1934.

Jiragen ƙyalle biyu

Jirgi mai tafiya da iska da tarihi ya tabbatar ya kusanci ƙasar Hausa a ƙarni na 19 baƙi ne suka zo da shi, kuma na farkonsu wanda ba masassaƙi ba ne ya haɗa shi. Mungo Park likita ne ɗan Sikotland. A 1805 ya taso daga Gambiya da Turawa fiye da 40, cikinsu har da kafintoci huɗu da aka ɗauko musamman don su ƙera masa jirgi idan an isa Kwara. Damina ta riske su a hanya, zazzaɓi da atini suka yi ta ɗauke su, 11 kaɗai suka ga kogin. Kafintocin ba su rayu sun yi aikin da aka kawo su yi ba.

A Sansanding, ƙarƙashin Sarkin Segu Mansong, abin da Park ya samu kwale-kwale ne masu ruɓaɓɓun sassa. Shi da soja ɗaya, Abraham Bolton, suka yanke ruɓar, suka haɗa rabi mai kyau na wannan da na wancan. Aikin ya ci kwana 18. Suka fito da jirgi mai shimfiɗaɗɗen ciki, tsawon ƙafa 40, faɗin ƙafa 6, wanda ƙafa ɗaya kawai yake nitsewa a ruwa, aka yi masa rumfar fatun shanu saboda kibau, aka sa masa suna Joliba, sunan kogin a bakin Mandinka. A lura, ba dabarar Turai ce ta fitar da shi ba. Haɗa sassan jirgi sanannen aiki ne a wannan kogi. René Caillié, Bafaranshen da ya bi ruwa daga Jenne zuwa Kabara a 1828, ya bayyana manyan jiragen katako da aka ɗinke da igiya.

Joliba ta tashi a Nuwamba 1805, ta wuce Timbuktu da Gao, ta yi fiye da mil 1,000 ba ta rabe ba, ta iso Yawuri, inda jagoransu Amadi Fatuma ya sauka. A duwatsun Busa ta maƙale, Park da sauran suka halaka. Wasu na sa wannan a ƙarshen 1805, amma nisan tafiyar ya fi dacewa da farkon 1806. Wurin yanzu yana ƙarƙashin tafkin Kainji tun 1968.

Na biyu a Malta aka ƙera shi, aka raba shi kashi-kashi, raƙuma suka ratso Sahara da shi daga Tarabulus a ayarin Richardson da Barth da Overweg na 1850. Shi wannan Adolf Overweg, kafin ya isa Barno, sai da ya ziyarci Maraɗi da Gobir a farkon 1851. A shekarar aka haɗa jirgin a bakin tafkin Chadi da sunan Lord Palmerston, ya zaga tsibiran Buduma da shi, mutanen da nasu jiragen na ciyawar ruwa ne. Ya rasu a can a 1852. Babu ɗaya daga jiragen biyu da masassaƙan ƙasa suka kwaikwaya.

Daga gungume zuwa katako

Tsohon aiki shi ne a sare maɗaci ko kawo ko rimi, a fafe shi da gatari da gizago, kayan aikin da ake sassaƙa turmi da su. Manyan itatuwa sun yi ƙaranci, musamman bayan farin 1973 da na 1984, sai katakon kudu ya maye gurbi. Yanzu kafinta ne ke jera katako a kan haƙarƙari, ya buga ƙusa, ya cusa auduga ko tsumma a tsage, ya shafe da kwalta, ya ɗame haɗin da langa-langa. Yawuri ta yi suna a wannan aiki. Masu hali suna ɗaura injin Yamaha a baya.

A Turai da Amurka a wannan zamanin mutane sun riƙa ƙera ɗan jirgin ƙyalle a bayan gida don sha'awa: Optimist na Clark Mills a 1947, da Mirror a 1962, wanda ake ɗinke falankinsa da waya a shafe da gam. A Rima ba a kai ga sha'awa ba, buƙata ce. Madatsar Goronyo da aka kammala a 1984 ta samar da ruwa mai faɗi da ba ya ƙafewa, kuma jiragen da aka tsara don gajeren fito suka koma ɗaukar lodin kasuwa a kansa. A Agusta 2025 wani ya kife da mutane fiye da 50 a hanyar kasuwar Goronyo, kamar yadda wani ya yi da fiye da 150 kusa da Wara a jihar Kebbi a Mayu 2021. A Sabon Birni da Isa, inda 'yan bindiga suka tare hanyoyin mota, jirgin katako ya zama hanyar tsira ga ƙauyuka da dama da damina, sau da yawa cikin dare kuma babu rigar ruwa.