Yadda tsinkewar jijiyar gwiwa ke karkata ƙafa

A filayen da matasa ke buga ƙwallo da yamma a kewayen Ƙofar Ɗan Agundi a Kano, idan ɗan wasa ya faɗi riƙe da gwiwa akan ce targaɗe ne. Sau da yawa haka ne. Amma wani lokaci ɗaya daga cikin manyan jijiyoyi huɗu da ke ɗaure ƙashin cinya da na ƙwauri ce ta tsinke.

Wadda ta fi wahalar da 'yan ƙwallo ita ce ta tsakiyar gaɓar, wadda ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba. Ita ce ta tsinke wa Michael Owen na Ingila a gasar cin kofin duniya ta 2006, inda ya shafe kusan shekara guda bai taka leda ba.

Kumburin yakan sace cikin 'yan makonni, kuma a nan ne mutane da dama ke ruɗuwa su ɗauka an warke. Alhali tsokar cinya ta riga ta rame saboda rashin aiki, sai gwiwar ta riƙa faɗawa ciki kamar ta mai gwame, musamman wajen tsugunawa ko sauka daga bene. Ƙafar ma takan bi sahu: tafin ya baje, nauyi ya koma gefen babban yatsa. Wani kuma yakan karkata ƙafar waje yana ɗingishi don kauce wa ciwo. Wanda ya duba dugadugan takalminsa yana iya ganin gefe ɗaya ya fi cinyewa.

Haɗarin shi ne gwiwar da ke yawan gocewa tana yaga guringuntsin da ke cikinta, abin da kan jawo amosanin gaɓa tun da sauran ƙuruciya.

Masu ɗori sun san karaya, sai dai wannan ba karaya ba ce, kuma hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jijiyar. Likita kan gane ta hanyar jan ƙwaurin da hannu, sannan ya tabbatar da hoton MRI. A Kano, irin wannan aiki na daga cikin abin da Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka kafa a 1959, ke yi.

Ba kowa ke buƙatar tiyata ba. Amma da tiyata ko babu, sai an yi watanni ana atisayen ƙarfafa tsokar cinya da ta ƙugu a hannun masu gashin ƙashi, kuma likitoci kan shawarci wanda aka yi wa aiki ya jira aƙalla wata tara kafin ya koma fili.